Ina, Zuwa Ina, Daga Ina: Yadda Harshen Poland Yake Nuna Wuri

Sunan babban birnin Poland a bakin mutanen ƙasar shi ne Warszawa. Amma baƙon da ya kasa kunne a tashar jirgin ƙasa zai ji ana cewa w Warszawie, do Warszawy, z Warszawy, har ya yi zaton garuruwa daban-daban ake nufi. Gari ɗaya ne. Ƙarshen sunan ne yake sauyawa gwargwadon ko mutum yana can, ko can ya nufa, ko daga can ya taso.

Wanda ya karanci nahawun Larabci ya san i'irabi, ya san yadda harafin jarri yake sauya wasalin ƙarshen suna. Harshen Poland, ɗan'uwan harsunan Cek da Sulobakiya, yana da irin waɗannan halaye guda 7, kuma 4 daga cikinsu ne ke ɗaukar nauyin nuna wuri. Hausa ma ba ta rasa ɗan ɓurɓushin wannan ba, domin muna cewa kai da baki, amma sai mu ce "ya ɗora a ka", "ya sa a baka".

Tambayoyi uku ne ginshiƙi: gdzie (ina), dokąd (zuwa ina), skąd (daga ina). Ga gari ko ƙasa ko cikin gini, amsoshin suna zuwa da w, do da z. W yana jan halin da ake kira miejscownik, wato halin wuri: w Krakowie, w szkole, a Krakow, a makaranta. Do da z kuwa suna jan dopełniacz: do Krakowa, do szkoły, z Krakowa. Idan baƙaƙe suka cunkushe har furuci ya yi nauyi, sai a ƙara wasali, a ce we Wrocławiu ko ze szkoły.

Inda aiki yake shi ne kalmar na. Asalinta "a kan", amma da ita ake faɗin gidan waya, jami'a, tashar jirgin ƙasa, filin jirgin sama da tsibirai. A nan kalmar ba ta canzawa tsakanin zama da tafiya, ƙarshen suna kaɗai ke rarrabewa. Jestem na poczcie, ina gidan waya. Idę na pocztę, na nufi gidan waya. Na farkon miejscownik ne, na biyun biernik, halin karɓau. Haka nad, pod, za, przed da między suke, wato bisa, ƙarƙashi, baya, gaba da tsakani, sai dai su a zama halin narzędnik suke ja. Kyanwa tana pod stołem idan tana kwance a ƙarƙashin tebur, amma pod stół take shiga. Iyali suna hutu nad morzem, a bakin teku, alhali lokacin tafiya nad morze suka ce za su. Harafi ɗaya ko biyu a ƙarshen kalma su ke shaida wa mai sauraro ko an isa ko ana hanya.

Mutane kuma suna da nasu jerin, kamar yadda Bahaushe yake cewa "wurin likita": u lekarza yana wurinsa, do lekarza za shi, od lekarza daga can ya dawo. A kula da z, domin idan ta ja narzędnik ma'anarta "tare da": z bratem, tare da ɗan'uwa.

Zaɓi tsakanin w da na har siyasa ya shiga. Al'ada ta daɗe da cewa na Śląsku da na Mazurach ga yankunan Poland, haka kuma na Litwie, na Węgrzech, na Ukrainie ga wasu ƙasashe na kusa. Bayan Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, 'yan Yukren da dama suka nuna cewa na tana sa ƙasarsu ta yi kama da lardi. A Yulin shekarar, Majalisar Harshen Poland ta ce duka biyun daidai ne, amma ta ƙarfafa amfani da w Ukrainie da do Ukrainy.

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Poland kada ya ɓata lokaci wajen haddace jadawalin halaye tsura. Duk sunan wurin da ya koya, ya riƙe shi uku-uku: na uniwersytecie, na uniwersytet, z uniwersytetu ga jami'a, w sklepie, do sklepu, ze sklepu ga kanti. Babu ƙa'idar da za ta faɗa masa dalilin da kanti yake ɗaukar w gidan waya kuma na, sai ji da maimaitawa. Amma idan ya san wadda wuri yake ɗauka a zama, ya san ta tafiya: mai w galibi do yake bi, mai na kuma na yake riƙewa.