Namijin Tarwada da Abincin Gina Jiki

A yawancin gonakin ƙyanƙyasar tarwada, macen ce 'yar gata. Ita ake aunawa, ita ake yi wa allurar Ovaprim domin ƙwanta ya nuna. Namijin kuwa ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da za a yanka shi. Dalili shi ne, ba a iya tatsar maniyyin tarwada ta hanyar matsa ciki kamar yadda ake yi wa wasu kifaye. Dole sai an farke cikin, an ciro 'ya'yan maraina guda biyu, an tsattsaga su, an matse farin ruwan a kan ƙwai. Idan aka tarar da su a tsamure, aikin gama ya gama: an riga an yi wa macen allura, ƙwai dubbai kuma ba sa jira.

Tsamurewar nan sau da yawa daga abinci take. Ƙwayoyin maniyyi suna samuwa ne ta hanyar rarrabuwar ƙwayoyin halitta babu ƙaƙƙautawa, kuma furotin ne tubalin ginin. Hatta sinadaran da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take aikawa su tada maraina, asalinsu furotin ne. Kifin da bai samu isasshe ba yakan jinkirta balaga, marainansa su ƙanƙance, maniyyin ya tsinke. Ga shi kuwa da zarar ƙwayar maniyyi ta taɓa ruwa, ƙarfin iyonta ba ya wuce ɗan taƙaitaccen lokaci, abin daƙiƙoƙi.

Masana sun fi ba da shawarar abinci mai furotin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 ga iyayen tarwada. Masara ba ta wuce kashi 10, don haka mai ciyar da dusa zalla yaudarar kansa yake yi.

Sai dai ba yawa kaɗai ake dubawa ba. Garin kifi, mai kimanin kashi 60, shi ne mafi cika, amma tsadarsa ta sa ake komawa ga waken suya da tunkuza. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana narkewar furotin, sai an soya ko an dafa shi. Tunkuza tana da ƙarancin laisin da metiyonin, waɗanda jikin kifi ba ya iya ƙerawa. Angurya ta fi kowanne bukatar hattara, domin tana da gosifol, wanda aka gwada a ƙasar Sin a shekarun 1970 a matsayin maganin hana maza haihuwa.

Wuce kima ma asara ce. Rarar furotin ƙonewa take yi, ta fita a matsayin amoniya, ta gurɓata ruwan tafkin. Tun da ginin maniyyi yana ɗaukar makonni, ware maza da gyara musu abinci yakan fara ne watanni kafin ranar ƙyanƙyasa.