Tabkuna biyu a bakin aman wuta

Yau za mu yi tahiya mai nisa, har ƙasar Ostiraliya. Can arewa maso gabas, a jihar Kwinsilan, kan tudun da ke bayan garin Kyans, akwai wani daji da gwamnati ta keɓe. Ba a saran itace cikinsa, ba a harbin dabba. Tabkuna biyu ne cikin dajin: Icam da Barin.

Tabkunan nan ba irin namu ba ne, da ke cika da damina su ƙahe da rani. Zurhin kowane ya kai wajen mitir 65. Ku tuna rijiya mahi zurhi a garinku, ku gwada.

Mi ya haƙa su? Wuta ce. Can ƙarƙashin ƙasa akwai dutse narkakke don zahi. Dubban shekaru da sunka wuce, ya taso ya gamu da ruwan cikin ƙasa. Ruwan ya zama tururi nan take. Kun san yadda tururi ke ɗaga murhin tukunya. To, nan ƙasa ce ta tashi, ta bar babban rami, ruwa ya cika shi. Icam ba shi da gulbin da ke shiga, ba shi da mai hita. Mutanen asalin wurin suna da labarin ranar da ƙasa ta tsage, kaka da kakanni.

Baƙo na iya zagaya Icam da ƙasa, kilomitir 3 ne. Barin kilomitir 5. Itatuwa sun rufe sama, rana ba ta cika kai ƙasa ba. Bakin Barin akwai wasu itatuwa biyu, tsawonsu wajen mitir 45, an ce sun kai shekara 1000.

Amma a yi hankali. Akwai wani tsiro mai babban ganye, mai gashi ƙanana. Wanda ya taɓa shi zai sha zogi, wani lokaci har watanni. Akwai matsattsaku kuma. Shi ya sa a kan ce wa baƙo kada shi bar hanya, kada shi ba dabba abinci.

Abin da ya hi ba ni takaici shi ne labarin wani ɗan kihi mai launi da ke Icam. Wasu mutane sun zuba baƙin kihi cikin tabkin, babu wanda ya sa su. Cikin shekarun 1980 anka neme shi anka rasa. Itatuwa na nan, ruwa na nan, doka na nan tun 1934, amma kihin ya tahi. Daga baya anka gano danginsa cikin ƙoramun da ke kusa. An gwada maida shi tabkin, baƙin kihin sunka sake cinye shi.