Likitan da Ke Kwana a Asibiti

Idan aka garzayo da mai naƙuda ko wanda ya yi haɗarin mota Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ƙarfe biyun dare, galibi wanda zai fara duba shi likita ne mai neman ƙwarewa. Ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, yanzu kuma yana cikin horon shekara 5 zuwa 6 kafin ya zama ƙwararre. A takarda ɗalibi ne, jarrabawa na jiransa. A ɗakin marasa lafiya kuwa shi ke zagaye, shi ke rubuta magani, shi ke shiga tiyata, shi ke koya wa na ƙasa da shi.

Shi ya sa da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD ta shiga yajin aiki, asibiti kan durƙushe cikin yini guda. A 2021 sun ajiye aiki daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba kan bashin albashi da alawus. A lokacin, kuɗin kasadar aiki naira 5,000 ne a wata, ga mutumin da ke taɓa masu korona da zazzaɓin Lassa. A Yulin 2023 suka sake fita, kuma ɗaya daga buƙatunsu ita ce duk likitan da ya tafi a maye gurbinsa nan take.

Wannan buƙata ce ta nuna inda gizo ke saƙa. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, kuma kimanin 55,000 ne suka rage ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Birtaniya da Saudiyya da Amurka sun karɓe su hannu bibbiyu. Faɗuwar naira ta cinye albashi, kayan aiki sun yi ƙaranci, ga rashin tsaro: a Disambar 2023 an sace wata likita daga gidajen ma'aikatan asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, ta shafe kusan wata goma a hannun 'yan bindiga.

Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta koyarwa. Ba a koyon tiyata daga littafi kaɗai. Sai ƙarami ya tsaya kusa da babba shekara da shekaru, yana kallo, yana riƙe kayan aiki, har a miƙa masa wuƙa. Idan babban ya tafi, ya tafi da makarantar. Kwalejojin da ke ba da shaidar ƙwarewa suna iya janye izinin horarwa daga sashen da ƙwararrunsa suka yi ƙaranci. Wanda ya rage kuma aikin mutum uku ya hau kansa. Kwanan asibiti ya yawaita, lokacin karatu ya ɓace, gajiya ta buɗe ƙofar kuskure. Daga nan shi ma ya fara neman biza.

Talaka ne ke kwana a ciki. Mai hali ya nufi asibitin kuɗi, marar hali ya koma kemis ko ya jira ranar tiyatar da ake ta ɗagawa.

A 2023 Majalisar Wakilai ta tattauna ƙudurin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, likitoci suka yi masa ca. Suna da gaskiya, domin ƙudurin ya ɗaure ƙarami ne alhali malaminsa na haɗa kaya. A Agustan 2024 gwamnati ta amince da sabon tsari kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wanda ya yi alkawarin kyautata yanayin aiki da jawo waɗanda suka tafi su dawo.