Mofin da Raɗaɗin Jinyar Ƙarshe

Mofin shi ne maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora a ƙololuwar matakan rage raɗaɗi da ta fitar a 1986, domin ciwon da ya gagari farasitamol, musamman cutar daji da ta ci jiki. Ba shi da tsada. Gari ne ake kaɗawa da ruwa, a riƙa ba majinyaci ta baki duk bayan awa huɗu. Duk da haka, rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna abin da Nijeriya ke samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na buƙatarta ba.

Tun da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, jama'a suka yi wa mofin kuɗin goro da kodin da tiramol, duk aka kira su ƙwaya. Dangi kan ce majinyaci zai kamu da shaye-shaye, wasu ma su ce allurar sallama ce. Wannan zato ya cutar da bayin Allah da yawa. Likita gwargwadon ciwo yake aunawa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya, kuma kamuwa ba ta cika faruwa ga mai jinyar ƙarshe ba. Abin da ya fi damunsa shi ne taurin bayan gida, shi ma da maganinsa. Yawan rasuwa bayan an fara shan mofin kuwa, jinkirin farawa ne, sai rai ya zo gargara ake tunawa da shi. Zarginsa tamkar zargin laima ne da jawo ruwan sama, ko zargin 'yan kwana-kwana da tayar da gobara.

Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1999, na karɓar masu cutar daji daga jihohin Arewa saboda na'urar gashi. Da yawa sai ciwo ya yi nisa suke isowa. Idan aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kwalbar mofin ta ƙare a ƙauye, babu inda za a sabunta ta, domin ta hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya maganin ke shigowa, kuma galibi a manyan asibitoci yake tsayawa. Majinyaci ya kwana yana nishi, ana ce masa ya yi haƙuri.

Yuganda ba ta fi Nijeriya arziki ba, amma tun 2004 ta yarje wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta mofin na ruwa, kuma kyauta ake ba majinyata har gida.