Wagini, Batsari, Safana: Yadda Sunan Gari Ya Zama Sunan Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa yana lalubar sunansa a sakamakon jarrabawa ya san jerin sunayenmu kamar taswirar Jihar Katsina yake: wane Dutsinma, wance Ƙanƙara, wane Jibiya, wance Runka, wane Ruma. Ni ma ina cikin wannan sahu, don Wagini ne sunana na ƙarshe, wato garinmu da ke Ƙaramar Hukumar Batsari, maƙwabciyar Safana. Kakana bai taɓa amsa wannan suna ba, amma ga shi yau a katin makarantata da asusun bankina. To ta ina ya shigo? Kuma me ya sa ya kamata mu kula da shi tun muna makaranta?

Yadda ake kiran mutum a da

Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Turawa, wanda kaka da ɗa da jika za su yi ta gado. Ranar suna ake raɗa wa jariri sunan yanka, sai a jingina shi da mahaifinsa: wane ɗan wane. Wannan ya yi daidai da koyarwar Musulunci, domin aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa danganta 'ya'ya ga ubanninsu. Idan aka samu masu suna ɗaya a unguwa, sai laƙabi ya raba gardama: na sana'a, na rana kamar Ɗanjuma da Ɗanladi, ko na wanda ya yi renon yaro. Waliyyin nan na Katsina, Ɗan Marina, daga sana'ar rini sunansa ya fito. Alhassan Ɗantata kuwa, attajirin Kano da ya rasu a 1955, an jingina shi ne da Tata, matar da ta rene shi, kuma yau laƙabin ya zama sunan zuri'a guda.

Sunan gari ba ya da amfani a cikin garin. A Wagini, wa zai ce maka ɗan Wagini? Kowa ɗan can ne. Sai ka fita sannan sunan yake kama ka.

Malamai sun riga 'yan boko

Jingina mutum da garinsu tsohuwar al'ada ce a duniyar Musulmi, Larabawa na ce mata nisba. Imam Bukhari mutumin Bukhara ne, a ƙasar Uzbekistan ta yau. Tirmizi daga Tirmiz, Shehu Abdulƙadir Jilani daga yankin Jilan na Iran. Mu ma muna da namu: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, masanin hisabi da ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu can wajen 1741. Al-Kashnawi dai ai Bakatsine ke nan da Larabci.

Ku lura da wani abu, don shi ne sirrin maganar: gwargwadon nisan da mutum ya yi da gida, gwargwadon faɗin sunan da za a kira shi da shi. A kasuwar Batsari ni ɗan Wagini ne. A birnin Katsina wasu Batsari za su ce min. A Legas na zama Katsina. Mamman Shata a Musawa aka haife shi, ya yi zama a Funtuwa, amma duniya ta san shi da Shata Katsina. Idan aka ƙetara teku kuwa, sunan ƙabila ne kacokan ke maye gurbi. Jikokin alhazan da suka zauna Makka da Madina ana kiransu Hawsawi, Fulani Fallata, Barebari Barnawi. Masu kallon ƙwallo za su tuna a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Saudiyya ta je da Hawsawi har uku: Osama, wanda ke riƙe da kyaftin, da Omar da Motaz.

Rajistar makaranta ta daskarar da shi

Abin da boko ya yi shi ne ya ɗauki abin da ake faɗa da baki ya sa shi a takarda. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda daga baya ta zama Barewa, an tara yara daga lardunan Arewa a aji ɗaya, ga Muhammadu da Abubakar rututu. Malami na buƙatar suna na biyu. Ga kuma alkunya: yaro ba ya son faɗin sunan mahaifinsa gatsau, balle abokai su riƙa kiransa ana wasa. Sunan gari ya zo ya fitar da kowa kunya. Sardauna Ahmadu Bello, Ahmadu Raba ake ce masa a makaranta. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ne a ƙasar Bauchi. Haka Shehu Shagari, Aminu Kano da Isa Kaita.

Da shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya zo a 1976, makarantu suka yawaita a ƙauyuka, sai al'adar ta sauko daga 'ya'yan sarakuna da malamai zuwa 'ya'yan manoma irinmu. Yaro ya gama firamare a garinsu, ya tafi makarantar kwana a wani gari, a ranar farko a rubuta sunansa da na garinsu, shi ke nan ya bi shi har ofis, har fansho. Dubi gwamnoninmu ma: Aminu Bello Masari daga Masari ta ƙasar Ƙafur, Dikko Umaru Raɗɗa daga Raɗɗa ta Charanchi. Daga yankinmu akwai Sayyadi Abba Ruma, ministan noma a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Gidan 'Yar'aduwa ne ya fi nuna mataki na ƙarshe. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina. Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina kuma minista a Jamhuriya ta Farko, ya ɗauki sunan, 'ya'yansa Shehu da Umaru suka gada, jikoki ma suka gada. A nan sunan wuri ya gama rikiɗa ya zama sunan gida. Haka yake faruwa da namu: akwai yaran da aka haifa a Kaduna ko Abuja suna amsa Wagini ko Safana, alhali sai da Sallah suke ganin garin.

Inda gizo ke saƙar

Abu na farko: sunan gari ba nasaba ba ce. Mutum biyu na iya amsa Wagini ba su haɗa ko kaka ba, wa da ƙane kuma uwa ɗaya uba ɗaya na iya zama ɗaya Wagini ɗaya Batsari, don makarantar da suka shiga daban. Maganar gado da waliccin aure da muharramaka duk da sunan uba da kaka ake binsu. Kada sunan gari ya sa ka manta wane ne kakan babanka.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙona mu ɗalibai: kwamfuta ba ta san alkunya ba. An fito da BVN a 2014, JAMB ta wajabta lambar NIN daga 2021, lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma yana neman waɗannan lambobi. In a takardar WAEC sunanka da na babanka ne, a NIN sunanka da na garinku, a banki kuma an juya su, to wallahi a wajen na'ura ku uku ne. Ko harafi ɗaya ya isa: Jibiya da Jibia, Muhammad da Mohammed. Na ga abokan karatu da suka gama HND lafiya, amma tafiya bautar ƙasa ta tsaya musu cak saboda wannan, aka shiga zirga-zirgar takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida da layin gyaran bayanai.

Na uku ya shafe mu 'yan yammacin jihar. Shekarun nan matsalar 'yan bindiga a bakin dajin Rugu ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu a Batsari da Safana. Yanzu da ka faɗi sunanka sai a ce, "Ayya, yaya gida?" Har na ji wasu na shawarar cire sunan gari daga takardun ƙannensu. Kowa da ra'ayinsa, amma ni ban ga dalili ba. Ga yaron da aka goyo aka gudo da shi birni, wannan suna shi ne shaidar cewa yana da gona da dangi da makwancin kakanni a wani wuri.

Shawarata: a wannan zangon, ka baje takardunka duka a kan katifa, daga ta haihuwa zuwa katin makaranta, ka duba suna da jerinsa harafi bayan harafi. In akwai saɓani, gyara shi tun kafin shekarar ƙarshe. Ka zaɓi tsari ɗaya da ya ƙunshi sunan mahaifinka, ka tsaya a kansa. In ka je hutu kuma, ka samu tsohon gidanku ya lissafa maka kakanni iya inda ya sani, ka rubuta ka ajiye. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.