Babbar A-kori-kura ta Amurka: Cinta da Ciwonta

Idan aka ce a-kori-kura a ƙasar Hausa, dattijo Fijo 404 ke faɗo masa a rai, wadda ake laftawa buhunan gero ranar kasuwa har gindinta ya kusa shafar ƙasa. Yaran yanzu kuwa Hilux suka sani. A Amurka duka biyun ƙanana ne. Abin da suke kira cikakkiyar a-kori-kura mota ce mai tsawon kusan mita shida, faɗin mita biyu, nauyinta ya haura tan biyu tun ba a ɗora mata ko tsinke ba. Masu riƙe da kasuwar su ne Ford F-150, da Chevrolet Silverado da 'yar'uwarta GMC Sierra, da Ram 1500, sai Toyota Tundra da ake haɗawa a San Antonio ta jihar Texas. Nissan ma ta jarraba sa'arta da Titan, ta haƙura a 2024. Jerin F na Ford ya faro ne a 1948, kuma tun 1977 babu a-kori-kurar da ta kamo ƙafarsa wajen ciniki a ƙasar.

An ƙera waɗannan motoci ne domin ƙasa mai faɗin titi da arhar fetur, domin manomi da ɗan kwangila da mai jan tirela ta dawaki ko jirgin ruwa. Wasunsu na iya jan kayan da ya haura tan biyar. Wannan ƙarfi ba kyauta ba ne, a gidan mai ake biyansa.

Ɗauki Tundra mai injin V8 na lita 5.7, wadda aka yi ta sayarwa daga 2007 zuwa 2021. A ma'aunin hukumar muhalli ta Amurka, galan ɗaya na kai ta kimanin mil 15, wato lita ɗaya kilomita shida da ɗoriya. Tafiyar kilomita 400 ke nan za ta lashe lita sittin da wani abu, ba kaya, ba cunkoso. Babban tankinta na cin lita 144. Wanda ya mallaki irinta a Najeriya kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, ya san bambancin cika wannan tanki jiya da yau. Wajen juye ma haka abin yake: injin na shan bakin mai kusan lita takwas, ninki biyu na abin da ƙaramar mota ke sha. Tayoyin manya ne, birki na saurin cinyewa saboda nauyin da yake tsayarwa, injin Hemi na Ram kuma fulogi goma sha shida gare shi, biyu a kowace silinda.

Kowane gida da irin ciwonsa na gado, kuma makanikan Amurka sun haddace su kamar sunayen 'ya'yansu.

Na Ford da ya fi yin suna yana jikin injin Triton mai lita 5.4, musamman na 2004 zuwa 2008. Fulogin injin gaɓa biyu ne, da dogon wuya da ke zurawa cikin wani siririn rami. Kamfanin ya ce sai an yi mil dubu ɗari kafin a canza shi, to a tsawon wannan lokaci baƙin hayaƙi ya taru ya daskare a wuyan. Bakanike ya sa sifana ya murɗa, sai ya ji ƙas! Saman ya biyo shi, ƙasan ya zauna daram a cikin inji. Aikin awa guda ya koma na yini, wani lokaci fulogi uku ko huɗu su karye a mota ɗaya. Abin ya yi yawa har sai da aka ƙera wani ƙarfe na musamman don zaƙulo guntun, daga baya kamfanin ya sake fasalin kan injin. Wannan injin dai shi ne mai ƙara kamar na dizal idan ya yi zafi yana tsaye, saboda lalacewar 'yan giyoyin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, waɗanda ƙarfin bakin mai ke juyawa.

Silverado da Sierra masu lita 5.3 kuwa dabarar tsimi ce ta zame musu ƙaya. Tun 2007 aka sa musu tsarin da ke kashe silinda huɗu cikin takwas idan mota ta miƙe hanya ba ta jan nauyi. Wasu tafet na musamman ke wannan aiki, su ma da ƙarfin bakin mai. Ranar da ɗaya ya maƙale, inji zai fara tik-tik, ya riƙa rawa, idan aka yi biris ya cinye kamshaf. Kafin a kai gare shi sai an ɗaga kan inji, don haka ɗan man da aka adana a shekaru yakan tafi a gareji cikin mako guda. Ram ma tana da nata tik-tik ɗin. Mai sa'a zai tarar notin bakin salansa ne ya karye, marar sa'a ya tarar tafet ne.

Duk wanda ya lura zai ga yawancin waɗannan cututtuka a wuri ɗaya suka haɗu, wato bakin mai. Injin zamani ba shafawa kawai yake yi da shi ba, da shi yake motsa ƙananan sassansa ta ramuka masu ƙunci. Mai kauri irin wanda aka saba ɗurawa tsohuwar Fijo, ko jabu, ko jinkirin juye, duk kashe shi suke a hankali. A ganina wanda ba zai iya sayen ainihin man da aka rubuta a murfin inji ba, bai kai sayen motar ba.

Toyota ta fi su sunan ƙarko, har akwai Tundra ƙirar 2007 da ta cika mil miliyan ɗaya a 2016 da injinta na asali, kamfanin ya karɓe ta ya ba mai ita sabuwa. Amma ita ma ba ta tsira ba. A 2022 ta ajiye V8 ta koma V6 mai turbo biyu, a 2024 kuma sai da aka kira motoci kimanin dubu ɗari, har da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin injin tun a masana'anta. Kafin nan akwai maganar tsatsa, wadda ta fi shafar mai saye daga nesa.

A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio da New York, da kuma Kanada, gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin na shiga cikin shasi ya kwanta, ya ci ƙarfen daga ciki. Mota na iya sheƙi a sama alhali ƙashin bayanta ya zama tamkar wainar da ta ƙone. A 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasi a Tacoma da Sequoia da Tundra na wasu shekaru. Ford ta koma bodin alminiyom a 2015, ta rage nauyin da ya kai kilo ɗari uku, sai dai shasin na nan na ƙarfe, gyaran bodin kuma da ƙusar rifit da gam ake yinsa, ba aikin mai walda na bakin titi ba ne.

Nan ne maganar ta iso gida. Irin waɗannan motoci da ake gani a Abuja ko Kano galibi 'yan kwatano ne, da yawa daga wuraren gwanjon motocin haɗari aka kwaso su, wasu kuma ambaliya ce ta shanye su, kamar ta guguwar Harvey a Houston a 2017. Kayan gyaran Hilux ko'ina akwai, a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Na Ram ko Silverado kuwa sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, ko a yi oda daga waje da dala, mota na zaune kan duwatsu tana jira.

Don haka mai saye ya fara da lambar shasi mai alamomi goma sha bakwai da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake binciko jihar da motar ta zauna da haɗurran da aka rubuta mata. Ya zo da sassafe a tayar da injin a gabansa yana sanyi, ya kasa kunne. Ya ɗaga kafet ya shinshina, don warin ruwa ba ya ɓuya. Sannan ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma, ya bi shasin yana ƙwanƙwasawa, musamman wajen sifirin na baya da inda ake rataye sifiya. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi. Wanda gishiri ya ci kuwa bif zai ce, jar ƙasa ta zubo masa a fuska, ko da dillali ya sa an shafe wurin da sabon baƙin fenti.