Gidajen Attajirai da Sayen Kamfanoni: Daga Fataucin Goro zuwa Masana'antun Siminti

Gabatarwa

Duk buhun siminti ko na sukari da aka sauke a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi a wannan zamani, da wuya a duba jikinsa ba a ga sunan ɗayan gidaje biyu na attajiran Kano ba, watau gidan Ɗangote ko kuwa kamfanin BUA na zuriyar Alhaji Isyaku Rabi'u. Jama'a da yawa suna zaton waɗannan gidaje sun gina dukkan masana'antunsu ne tun daga harsashi. Gaskiyar magana ita ce, da dama daga cikin masana'antun nan wasu ne suka kafa su, gwamnati ko Turawa, daga baya gidajen suka saye su. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda gidan kasuwanci na iyali yake bunƙasa ta hanyar sayen kamfanonin da ya tarar, da dalilan da suka sa wannan hanya ta buɗe a Nijeriya, sa'an nan da abin da hakan yake jawo wa manomi da ɗan kasuwa a tsakiyar Jihar Katsina.

Ma'anar Sayen Kamfani

Hanyoyi biyu ne kamfani yake girma. Ta farko ita ce ya tara riba, ya gina sabon wuri, ya nemi masu saye a hankali. Ta biyu kuwa ita ce ya sayi wani kamfani da ya riga ya kafu, da injinansa da ma'aikatansa da filinsa da takardun izininsa. Ba lalle ba ne mai saye ya biya kuɗin kamfanin gaba ɗaya. Muddin ya mallaki fiye da rabin hannun jari, to, shi ne zai naɗa daraktoci, kuma maganarsa ce za ta yi aiki. Idan gida ɗaya ya yi ta irin wannan saye har ya haɗa sana'o'i iri-iri, kamar siminti da sukari da gishiri da sufuri, a ƙarƙashin uwar kamfani guda, shi ne ake kira rukunin kamfanoni.

Tushen Dukiyar

Babu mai sayen masana'anta sai wanda ya riga ya tara jari, kuma a ƙasar Hausa fatauci ne ya tara wannan jari. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi ne cikin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buƙaci gyaɗa, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba amanar kuɗi ba. Alhassan ya san duka biyu, saboda haka ya zama babban wakilin sayen gyaɗa, yana raba kuɗi ga yaransa su shiga karkara tun kafin kaka. A 1929, da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu a 1955.

Lardin Katsina yana cikin manyan wuraren da suka ciyar da wannan ciniki. Gyaɗar da aka noma a ƙasar 'Yandaka, watau Dutsin-Ma, da ƙasar Maraɗi, watau Kurfi, takan bi ta hannun 'yan baranda zuwa ga wakilai masu lasin, daga nan a tara ta kafin jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Wannan ciniki ya durƙushe bayan farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Amma kafin ya durƙushe ya riga ya bar wa wasu gidaje kuɗi, da sanin banki, da sanin manyan gwamnati. Da waɗannan abubuwa uku ne suka shiga zango na gaba.

Zango na Farko: Dokokin 1972 da 1977

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni. Dokar ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Nijeriya kaɗai, a wasu kuma ta wajabta wa baƙi su sayar da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsu. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta faɗaɗa dokar, ta kasa kamfanoni gida uku: waɗanda 'yan ƙasa za su mallaka ɗungurungum, da waɗanda za su riƙe kashi 60, da waɗanda za su riƙe kashi 40.

Ma'anar wannan ita ce an tilasta wa masu kaya su sayar cikin ƙayyadadden lokaci, alhali masu iya saye ba su da yawa. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya karɓi ragamar kamfanin gidansu bayan rasuwar wansa Ahmadu a 1960, yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan dama. Gidan ya sayi hannun jari a kamfanoni kamar SCOA, da Raleigh mai haɗa kekuna, da kamfanin matse angurya na Funtuwa. Sai dai a wannan zango, galibi hannun jari aka saya, ba gudanarwa ba. Attajiri yakan zauna a kujerar darakta ya karɓi rabonsa na riba, amma Bature ne manaja, kuma fasahar tana hannunsa.

Zango na Biyu: Sayar da Kadarorin Gwamnati

Zango na biyu ya zo ne lokacin da ita gwamnati kanta ta zama mai sayarwa. Masana'antun da aka gina da kuɗin man fetur sun koma cin kuɗi ba tare da riba ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a ƙarƙashin Dokta Hamza Zayyad, mutumin Katsina. Daga 1999 kuwa, da aka koma mulkin farar hula, aka canja salo: maimakon a yayyafa hannun jari ga jama'a, sai a nemi babban mai jari guda a danƙa masa ragamar kamfanin.

A nan ne Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ta wajen uwa, watau tattaɓa-kunnen Alhassan, ya sauya daga shigo da kaya zuwa ƙera su. Ya fara kasuwanci ne a 1977 da rancen da ya samu a gidan kakanninsa. A 2000 ya sayi kason Gwamnatin Tarayya a kamfanin siminti na Binuwai da ke Gboko. A 2002 ya karɓi kamfanin siminti na Obajana, wanda Jihar Kogi ta yi wa rajista, ya gina katafariyar masana'anta a wurin. A cikin waɗannan shekaru ne kuma kamfanin sukari na Savannah da ke Numan ya shiga hannunsa. A 2010 aka haɗe kamfanonin simintin wuri guda, aka kai su kasuwar hannun jari da sunan Dangote Cement.

Alhaji Abdussamad, ɗan Halifa Isyaku Rabi'u, ya kafa BUA a 1988, ya kuma bi irin wannan tafarki. A 2001 ya sayi kamfanin man gyaɗa na Nigerian Oil Mills. Tsakanin 2009 da 2010 ya mallaki kamfanin siminti na Sakkwato, wanda aka kafa tun 1962, zamanin Sardauna, wanda kuma ya taɓa zama a hannun wani kamfanin ƙasar Norway bayan gwamnati ta sayar. Ya kuma sayi kamfanin siminti na Edo da ke Okpella. A farkon 2020 aka kammala haɗe su, aka sami BUA Cement. Ita ma Katsina wannan guguwa ba ta tsallake ta ba, domin a 2006 aka sayar da masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina ga rukunin Dana, wanda shi ma na iyali ne.

Amfanin Saye da Haɗarinsa

Me ya sa attajiri zai sayi tsohuwar masana'anta maimakon ya gina sabuwa? Dalili na farko lokaci ne, domin gina masana'antar siminti yakan ɗauki shekaru. Na biyu, sau da yawa ba injinan ake nema ba, abin da ke ƙarƙashinsu ake nema: dutsen farar ƙasa a Gboko da Kalambaina, ko filin rake da ruwa a Numan. Na uku, doka. A 2002 gwamnati ta ƙudura cewa izinin shigo da siminti sai ga wanda yake da masana'anta a cikin ƙasa ko yake gina ta. Don haka mallakar tsohon kamfani ta zama mabuɗin ciniki mai riba, ribar kuma ta biya kuɗin sabon gini. Na huɗu, duk kamfanin da aka saya, abokin gasa ɗaya ya ragu ke nan.

Amma fa ba kowane saye ne yake zama alheri ba. Mutanen Binuwai sun yi adawa da cinikin Gboko, har aka ɗauki shekaru kafin mai saye ya karɓi gudanarwa sosai. A 2022 gardama ta tashi tsakanin Gwamnatin Kogi da kamfanin Ɗangote kan mallakar Obajana, shekara 20 bayan ciniki. Akwai kuma misalin kamfanin fulawa na Ɗangote, wanda Tiger Brands na Afirka ta Kudu ya sayi mafi rinjayen hannun jarinsa a 2012. Baƙin suka yi ta asara, har a ƙarshen 2015 suka amince su mayar da shi ga mai shi na asali a kan dala 1 tak. A 2019 aka sake sayar da shi ga kamfanin Olam. Injina ɗaya, buhu ɗaya, amma sakamako dabam, domin sanin kasuwa da dillalai ba ya cikin kayan da ake rubutawa a takardar ciniki.

Matsalar Gado

Babbar jarrabawar gidan kasuwanci ita ce ranar da maigida ya kwanta dama. Shari'a ta ƙayyade rabon kowane magaji, kuma attajiri yakan bar 'ya'ya da yawa. Idan dukiyar gidaje ce da motoci da kaya a sito, rabon gado yakan wargaza kasuwancin, kowa ya ja nasa. Birane da garuruwan Arewa cike suke da sunayen attajiran da aka daina jin ɗuriyar dukiyarsu daga kan 'ya'ya.

Kamfani mai rajista yana magance wannan ba tare da an saɓa wa shari'a ba. Abin da ake rabawa shi ne hannun jari, masana'anta kuwa tana nan yadda take. Kowane magaji yana da kasonsa na riba, yana kuma iya sayar da hannunsa, amma ba zai ciri inji ya tafi da shi ba. A Indiya, gidan Tata, wanda aka kafa a 1868, ya ƙara wata dabara: kusan kashi biyu cikin uku na uwar kamfanin suna hannun gidauniyoyin taimakon jama'a ne, abin da ya yi kama da waƙafi. Da wannan tsari gidan ya haura shekara 150, har ya sayi kamfanin shayi na Tetley a 2000 da na motocin Jaguar da Land Rover a 2008, dukkansu na Ingila. A Kano kuwa, abin lura shi ne sababbin rassa ne suka fi tsofaffin kututture yaɗuwa: Aliko da Abdussamad kowannensu kamfaninsa ya kafa, ko da yake daga gida ya sami jari da suna. Har yanzu waɗanda suka kafa su ne suke riƙe da su, saboda haka jarrabawar gado tana gaba.

Rabon Dutsin-Ma da Kurfi

Zamanin gyaɗa, dukiyar attajiri tana ɗaure da gonar talaka. In damina ta yi kyau a Kurfi, ɗan baranda ya samu, wakili ya samu, maigida a Kano ya samu. Ko da farashin da hukumar ciniki take yankawa ya yi ƙasa, manomi yana da tabbacin mai saye. Yanzu kuwa siminti daga dutse ake yin sa, mafi yawan sukarin da ake tacewa a Legas ɗanyensa daga ƙetare yake zuwa, alkamar fulawa ita ma haka. Mutumin karkara ya koma mai saye kawai, ba mai sayarwa ba. Kuma idan kamfanoni uku ne kacal suke riƙe da kusan dukkan simintin ƙasa, mai gina ɗaki ba shi da inda zai gudu in farashi ya hau. Wannan yana cikin dalilan kafa dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta ba wata hukuma ikon duba manyan cinikayyar haɗe kamfanoni kafin a ƙulla su.

Duk da haka yankin ba shi da hannu wofi. Akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Masana'antar tumatir da gidan Ɗangote ya buɗe a Kadawa ta Jihar Kano a 2016 ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir da rashin daidaito da manoma kan farashi. Wannan ya nuna cewa masana'antar amfanin gona, komai kuɗin mai ita, ba ta rayuwa sai da manoma masu tsari. Manoman da suka haɗa kai cikin ƙungiyar gama-kai, suna da ruwan rani, suna iya alkawarin adadi da lokaci, su ne masu bakin magana a gaban babban kamfani.

Kammalawa

A taƙaice, manyan gidajen kasuwanci na ƙasar Hausa sun tara jari ne daga fatauci, sa'an nan suka bunƙasa a lokuta biyu da doka ta fito da kamfanoni kasuwa, watau 1972 zuwa 1977, da kuma daga 1988 zuwa gaba. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda suka zuba sabon jari a abin da suka saya, suka ɗauki ƙwararru ko da ba 'yan gida ba ne, suka kuma raba aljihun maigida da asusun kamfani. Ga ƙananan attajiran Dutsin-Ma da Kurfi, masu gidan mai ko motocin haya ko injin casar shinkafa, abin yi a fili yake: a yi wa kasuwanci rajista, a riƙa rubuta lissafi, a kuma tsara hannun jarin magada tun maigida yana da rai. Ga hukuma kuwa, duk sa'ad da za a sayar da kadarar jama'a, ya kamata a rubuta a cikin yarjejeniya nawa mai saye zai zuba, ma'aikata nawa zai riƙe, kuma daga gonakin wa zai sayi kayan aikinsa.